Premier Injuries: shafin da nake dubawa kafin in sa baki a musun injurin 'yan wasa

Wallahi duk musun da 'yan ƙwallo ke yi babu mai cin rai kamar musun injuri. Na Messi da Ronaldo aƙalla kowa ya san inda ya tsaya tun shekaru aru-aru, ba mai sauya wa wani ra'ayi, ana yi ne kawai don a ɗebe kewa. Amma na injuri daban yake, ɗan wasa zai faɗi a fili minti na 20 ya dafe bayan cinya, kafin a tafi hutun rabin lokaci wani ya turo maka skirinshot wai sati 6 zai yi, wani ya ce ƙarya ne tsoka ce kawai ta ɗaure jibi zai fito tirenin, na uku ya ce majiya mai ƙarfi ta tabbatar an gama da shi sai kaka mai zuwa, alhali bawan Allahn nan ko takalmi bai cire ba balle a sa shi a na'urar sikanin. Kuma kowa da rantsuwarsa.

Ni abin da ya sa na fara ɗaukar maganar da gaske shi ne Fantasy, wasan nan na intanet da kake haɗa tim ɗinka da 'yan wasan Firimiya kana samun maki gwargwadon abin da suka yi a fili. Wata Juma'a da dare wani shafi mai mabiya tuli, ba zan kira suna ba, ya saki labari da manyan baƙaƙe cewa ɗan wasan gabana, wanda kuma shi na ba kaftin, ya ji ciwo a tirenin ba zai buga ba, har da hoton shi yana zaune a ƙasa riƙe da ƙafa. Jiki na rawa na je na sayar da shi, na riga na cinye canjina na kyauta don haka aka zaftare min maki 4, washegari mutumin ya fito a sha ɗayan farko lafiyarsa ƙalau ya zuba ƙwallo biyu. Hoton ashe na wata kaka ne can baya, rigar tirenin ɗin ma ba irin ta bana ba ce, da na tsaya na duba da na gane. Shafin kuwa ko a jikinsa, goge abin kawai suka yi suka ci gaba da harkarsu. Tun daga ranar na ce sai na samo wuri ɗaya da zan riƙa dubawa kafin in taɓa tim ɗina ko in buɗe baki a musu, haka na faɗa kan Premier Injuries, yanzu kaka biyu ke nan ina amfani da shi, ina ga na isa in ce wani abu a kai.

Shafin intanet ne, Ben Dinnery ne ya kafa shi, mai nazarin raunin 'yan wasa wanda duk ɗan Fantasy da ya daɗe a harkar ya san sunansa. Abin da ke kai mutane can shi ne teburin injuri na Firimiya, kuma kyauta kake duba shi. Kulob 20 ɗin a jere, ka danna wanda kake so sai sunayen masu jinya su sauko, gaban kowane suna an rubuta inda ciwon yake, gwiwa ne ko idon sawu ko cinya ko matsematsi, sai ɗan ƙarin bayani wanda yawanci maganar da koci ya yi ce a taron 'yan jarida tare da ranar da ya faɗe ta, sai ranar da ake hasashen zai dawo, sai kuma kiyasin ko zai buga wasa na gaba, kashi 25 ko 50 ko 75, ko kuma a ce an cire shi gaba ɗaya. Waɗanda aka dakatar saboda kati ma suna ciki. Shi ke nan fa. Ba wani ado, ba bidiyon wani yana ihu yana nuna kibiya.

Wannan gurbin na ƙarin bayani shi ne ya saye ni, kuma in za a tambaye ni shi ne duk darajar shafin. Domin kashi mafi yawa na rigimar da muke yi ba a kan ciwon ba ne, a kan wa ya faɗa ne. Wani zai ce "an ce sati biyu", ka ce wa ya ce, sai ya fara kame-kame, ai ko'ina ana faɗa. To ko'ina ɗin nan in ka bi sawunsa sau da yawa mutum ɗaya ne ya yi shaci-faɗi shafuka ɗari suka kwafa, kowa ya ƙara gishirinsa, koci ya ce "za mu gani" a wayi gari an mayar da ita "koci ya tabbatar". A teburin nan kuwa kalmomin kocin kake gani da kwanan wata, in maganar ta kwana 9 ce ka san ta kwana 9 ce, ba za a sayar maka da ita a matsayin sabuwa ba. Sau da dama na kashe musu da wannan kaɗai, ba don na fi kowa sani ba sai don na iya nuna ga abin da mutumin ya furta da bakinsa ga ranar.

Bari in ba da misalin da ya nuna dalilin da ya sa wa ya faɗa ke da muhimmanci, wato rikicin Salah a gasar Afcon ta Kodebuwa. Ranar 18 ga Janairun 2024 Masar na wasa da Ghana, wanda aka tashi 2-2, Salah ya fita kafin hutun rabin lokaci da ciwon bayan cinya. Hukumar ƙwallon Masar ta fito ta ce wasa biyu zai rasa. Kwana kaɗan Klopp, kocin Liverpool a lokacin, ya ce zai koma Liverpool a yi masa magani a can, abin da ya fusata Misrawa sosai har wasu tsofaffin 'yan wasansu suka ce kaftin ba ya barin sansani ko da ƙafa ɗaya ce ta rage masa. Sai wakilinsa Ramy Abbas ya fito ya ce ciwon ya fi yadda aka zata, kwana 21 zuwa 28 ne ba wasa biyu ba. To ga bakuna uku, duka na hukuma, ba wani shafin ƙanzon kurege a ciki, kuma kowa da abin da yake karewa. Masar na son mutanenta su kwantar da hankali su ci gaba da sa rai, Liverpool na son ɗan wasanta a hannun likitocinta, wakili na son wanke mai gidansa daga zargin gudu. A lokacin mun yi musu kamar za a doku, 'yan adawar Liverpool na cewa ƙarya ce an shirya ne don ya koma ya taimaka musu a Firimiya. Me ya faru? DR Kongo ta fitar da Masar a bugun fenareti a zagayen 'yan 16, Salah kuma bai sake taka leda ba sai 17 ga Fabrairu a gidan Brentford, kwana 30 cif, ya shigo daga benci ya ci ƙwallo ya ba da wata aka ci, sannan ciwon ya sake motsawa har ya rasa wasan ƙarshe na kofin Carabao da Chelsea. Wakilin ne ya fi kusa da gaskiya, wanda kowa ya fi zargi. Waɗanda suka rantse an shirya ne har yau ban ji wanda ya dawo ya ce na yi kuskure ba.

Yanzu ga inda mutane ke cutar kansu da shafin, ni ma na yi a farko. Wannan ranar dawowa da ake rubutawa ba alƙawari ba ce, ba kuma daga fayil ɗin likitan kulob aka ciro ta ba. Hasashe ne da aka gina kan abin da koci ya ce da kuma tsawon lokacin da irin wannan ciwo ya saba ɗauka. Tana matsawa, yau ka ga 14 ga wata, bayan taron 'yan jarida na Juma'a ka ga ta koma 28. Wani abokina ɗan Arsenal har fushi ya yi wai shafin na wasa da hankalinsa, na ce masa malam ai ba shafin ba ne ya matsa, kocinku ne ya sauya magana. Kuma in ka lura kashi 50 ɗin nan a zahiri ma'anarsa Allahu a'alamu, kawai an sa masa lamba ne don ya yi kyan gani. Ni na daina kallon kashi, maganar kocin nake karantawa in auna da kaina.

Amma fa a nan ne babbar matsalar take, kuma ba laifin shafin ba ne, laifin tsarin ƙwallon ne baki ɗaya: tebur da aka gina kan maganar koci ba zai fi kocin gaskiya ba. Su kuwa kociyoyi in ana maganar injuri sai ka ce 'yan siyasa a lokacin kamfe. Waɗanda suka kalli ƙwallo a 2010 za su tuna Rooney. Ranar 30 ga Maris a gasar Zakarun Turai a Munich Bayern ta ci United 2-1, a daƙiƙun ƙarshe Rooney ya gurɗe idon sawu, aka gan shi da sanduna, Ferguson ya ce sati biyu zuwa uku, har jajibirin wasa na biyu yana nuna babu yadda za a yi ya buga. Ranar 7 ga Afrilu a Old Trafford sai ga Rooney a sha ɗayan farko. United ta kai 3-0, aka tashi 3-2 da wannan bugun na Robben, ƙwallon waje ta fitar da su, Rooney kuma bai iya kai ƙarshe ba an cire shi yana ɗingishi. Duk jaridar da ta ce ba zai buga ba ba ƙarya ta shirga ba, abin da aka gaya mata ta rubuta. Da Premier Injuries ko wani makamancinsa zai sa maganar Ferguson a tebur a wannan mako, shi ma abin da zai rubuta ke nan.

Akwai kuma ta ɗaya ɓangaren, inda koci zai ce zai buga kuma bai buga ba. Salah ɗin dai, 2018, bayan Ramos ya kayar da shi a wasan ƙarshe na Zakarun Turai a Kiev ranar 26 ga Mayu kafaɗa ta taɓu. Jajibirin wasan Masar na farko a Kofin Duniya kocinsu Hector Cuper ya gaya wa duniya kusan ɗari bisa ɗari Salah zai buga da Uruguay. Ranar 15 ga Yuni, ranar haihuwarsa ma, a benci ya zauna daga farko har ƙarshe, kyamara na ta hasko fuskarsa, Gimenez ya ci su da kai ana dab da tashi. Sai wasan Rasha ya fito ya ci fenareti aka doke su 3-1. To in mai horar da mutum ya ce kusan ɗari bisa ɗari aka ga haka, kai da kashi 75 ɗinka na waya me za ka ce?

Dalilin duk wannan shi ne a Firimiya babu dokar da ta tilasta wa kulob ya bayyana gaskiyar lafiyar 'yan wasansa kafin wasa. A Amurka a gasar NFL dole ne kowace ƙungiya ta fitar da rahoton masu rauni cikin mako, wa ya yi tirenin wa bai yi ba, wa ake shakka wa aka cire, in ta ɓoye a ci ta tara. A ƙwallon ƙafarmu kuwa koci zai iya cewa "ɗan ƙaramin abu ne" mutum ya ɓace wata biyu ba mai ce masa uffan. Kuma in an yi adalci suna da hujjojinsu, ba sa son abokin karawa ya san da wa zai haɗu, ba sa son a san ƙafar da ke ciwo a je ana taka ta da gangan, in ɗan wasa na kasuwa ba sa son farashi ya faɗi, sannan bayanin lafiyar mutum sirrinsa ne ko da albashinsa ya kai nawa. A Sifaniya ma salo ne na daban, Real Madrid za ta fitar da sanarwar likita layi biyu ta faɗi sunan tsokar da Latin ta rufe da cewa ana jiran yadda ciwon zai kasance, ba kwana ba sati, sai Marca da AS su cike gurbin da nasu lissafin, shi ya sa za ka ga jaridu biyu na gari ɗaya da lambobi daban.

Wani abu kuma da na koya a hankali, wanda ya rage min zargin kowa da ƙarya, shi ne sau da yawa su kansu likitocin ba su sani ba a daren farko. Ciwon tsoka ana barin sa kwana ɗaya ko biyu kafin a yi sikanin MRI, gwiwa kuma in ta kumbura sai an jira ko a tura mutum wajen ƙwararre. Ciwon bayan cinya da ake kira hamstirin hawa-hawa ne, mataki na 1 ɗan ja ne kawai sati ɗaya zuwa biyu, na 2 an samu yagewa sai a yi maganar makonni, na 3 ko in jijiyar da ke riƙe tsokar ta taɓu to watanni ne har da tiyata. A talabijin kuwa duka ukun iri ɗaya suke, mutum ya tsaya cak yana gudu ya dafe cinya. Saboda haka duk wanda ya ba ka adadin makonni minti 10 bayan an tashi wasa duba yake yi ba rahoto ba. Kuma ciwon ba ƙarami ba ne a harkar, binciken da UEFA ke yi kan manyan kulob tun 2001 ƙarƙashin Farfesa Jan Ekstrand ɗan Sweden ya nuna hamstirin ya tashi daga kashi 12 na duka raunuka zuwa kashi 24 cikin kusan shekara 20, wato kusan ɗaya cikin huɗu, shi ya sa kullum a kansa muke faɗa.

Saka misali ne mai kyau. Ranar 21 ga Disambar 2024 a gidan Crystal Palace ya fita da hamstirin, Arteta ya fara da cewa makonni da yawa, wadda ba ta gaya maka komai ba, daga baya aka ji an yi tiyata ya ce zai wuce wata biyu. 'Yan Arsenal suka riƙe wata biyun nan kamar aya, suna lissafin ƙarshen Fabrairu. Sai 1 ga Afrilu ya dawo a wasan Fulham, kwana 101, ya shigo daga benci ya ci ƙwallo. Arteta bai yi ƙarya ba, "zai wuce" ya ce, mu ne muka yanke kalmar muka jefar.

Kada kuma a ɗauka ina cewa jarida kullum ita ke baya, wani lokaci ita ke gaba da kulob nesa ba kusa ba, kuma nan ne teburi irin na Premier Injuries yake da ɗan nauyin jiki domin shi yana son abin da aka tabbatar ne, mu kuma muna son abin da ya fito yanzu-yanzu. Rodri ya ji ciwo 22 ga Satumbar 2024 a wasan City da Arsenal na 2-2, washegari rahotanni suka cika duniya cewa ACL ce, wato babbar jijiyar cikin gwiwa, kakarsa ta ƙare, City kuwa da ta yi magana cewa kawai ta yi jijiyar gwiwar dama ce ta taɓu. 'Yan City da na sani suka dage wai tunda kulob bai ce ACL ba to sharrin 'yan jarida ne. Sai ranar Juma'a Guardiola ya fito ya ce an yi tiyata, ACL ce har da gurunguntsi, sai kaka mai zuwa. Da sanduna ya hau dandamali ya karɓi Ballon d'Or a Oktoba. Abin dariyar ma ko "sai kaka mai zuwa" ɗin ba ta cika daidai ba, domin ya shigo 'yan mintuna a wasan Bournemouth ranar 20 ga Mayun 2025. Haka Mane a 2022, ya ji ciwo a wasan Bayern da Werder Bremen 8 ga Nuwamba, L'Equipe ta Faransa ta ce ba shi ba Kofin Duniya na Katar, 'yan Senegal suka yi mata caa, kocinsu na lokacin Aliou Cisse ya sa sunansa a tawaga, har Fatma Samoura da ke sakatariyar FIFA a lokacin ta ce za a haɗa da malaman tsibbu. Ranar 17 ga wata hukumarsu da kanta ta sanar ba zai je ba sai tiyata. Jaridar ce ta yi gaskiya tun ranar farko, mutane ne ba sa son ji.

Yayana, wanda United yake yi kuma bai yarda da komai a waya ba, ya taɓa ganina ina ta gungura teburin ya ce, "Kai yanzu wannan abin naka me ya sani wanda ni ban sani ba?" Na ce, "Yaya ai ba sani ya fi ka ba, mantuwa ce ba ya yi." Ya ce, "To in koci ya yi ƙarya fa?" Na ce sai ya rubuta ƙaryar da kwanan wata. Ya yi dariya ya ce to wannan ai magatakarda ne ba likita ba. Ban yi masa gardama ba don ya faɗi daidai, sai dai bayan sati biyu shi ne ya kira ni yana cewa ƙanina duba min wancan magatakardan naka me ya ce kan mai tsaron bayanmu.

In an kwatanta shi da alamun da ke cikin manhajar Fantasy ta hukuma, wato ɗorawa da ruwan lemo da ja da ake maƙala wa ɗan wasa, to su ma kashi-kashin nan ne, sai dai bayaninsu gajere ne ƙwarai, layi ɗaya, ciwon kaza kashi kaza, ba ka ganin asalin maganar. Ga wanda ke sauri ya isa. Ni dai na fi son in ga kalmomin, domin akwai bambanci tsakanin koci ya ce "ya yi tirenin da tim yau" da ya ce "yana gudu a kan ciyawa", ta biyun na nufin shi kaɗai yake zagaye da mai ba da horon motsa jiki, ko ƙwallo bai fara taɓawa da sauran ba, amma shafukan neman mabiya duka biyun "ya dawo" suke fassara su. Transfermarkt kuma na Jamusawa wani aiki yake yi daban, tarihi ne, ka buɗe sunan ɗan wasa ka ga duk ciwon da ya taɓa ji da kwanakin da ya yi da wasannin da ya rasa, kuma ya haɗa da sauran gasanni ba Ingila kaɗai ba. Shi nake buɗewa in musu ya koma kan wane ai gilashi ne, ko in kulob ɗina zai sayi wani. Amma don sanin wa zai buga Asabar ɗin nan Premier Injuries ya fi min.

Lokacin dubawa ma yana da tasiri. In ka buɗe ranar Talata yawanci tsohon zance za ka tarar, don kociyoyi sai Alhamis ko Juma'a suke zama da 'yan jarida in wasan ƙarshen mako ne, wani ɓangaren hirar ma riƙe shi ake yi sai dare jaridu su saki. Ga ɗan Fantasy kuma akwai wani ciwon kai da babu shafin da zai magance, ana rufe canji minti 90 kafin wasan farko na mako, jerin 'yan wasa kuwa sai saura minti 75 ake fitarwa tun kakar 2024/25, da ma awa ɗaya ne. Wato dai an tsara abin ne yadda dole ka yanke shawara a duhu, tazarar minti 15 kacal amma ta isa ta ɓata maka mako.

Abin da ban so ba, na farko Turanci ne zalla, kuma Turancin kociyoyi da na likitoci, in ba ka saba ba za ka karanta ka fito ba ka ƙaru ba. Na biyu teburin na Firimiya ne, in kai ɗan Madrid ne ko Barca ko kana bin Osimhen da Lookman to sai ka nemi wani wurin. Wannan na biyun ya fi damuna, domin musun da ya fi zafi a wajenmu shi ne na lokacin wasannin ƙasa, lokacin da ɗan wasa zai ce yana da ciwo a ce ƙarya yake ya fi son kulob. Ku tuna Yunin 2024 da Osimhen ya rasa wasannin neman gurbin Kofin Duniya da Afirka ta Kudu da Benin, aka tashi 1-1 a na farko Benin ta ci 2-1 a na biyu, sai rahotanni suka bazu ana jingina wa koci Finidi George maganar da ke nuna shakku kan ciwon, Osimhen ya hau Instagram kai tsaye a fusace ya ce shi ya ga likita kuma ya sanar da kocin da kansa, ya faɗi maganganun da har yau ake tuna masa. Duk wannan wutar daga "an ce ya ce" ta tashi. Da akwai wuri ɗaya da aka rubuta ga abin da likita ya gani, ga abin da koci ya furta, ga ranar, da rabin zagin da aka yi a makon nan bai faru ba.

In maki zan ba shi, 7 cikin 10. Na cire ɗaya don Ingila kaɗai ya riƙe, ɗaya don harshe, ɗaya kuma don lambobin kashin nan da ke sa sabon shiga ya ɗauka an auna wani abu ne a asibiti. Wanda ba ya Fantasy kuma ba ya shiga musu ba lallai ya buƙace shi ba, jerin 'yan wasa zai fito ya gani kamar kowa. Ni kam Juma'a da yamma nake buɗe shi sau ɗaya bayan kociyoyi sun gama surutunsu, in sake leƙawa Asabar da safe kafin a rufe canji, kuma in na ga an rubuta koci ya ce sai an gwada shi a ranar wasa, to ina tabbatar da na farkon bencina mai bugawa ne, in bar kaftin ɗina inda yake.